Hannuna na mutuwa da dare, allura na sulɓewa daga yatsuna: sanyi ne ko me?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara tayar mini da hankali. Sana'ata ɗinkin hula, da ita nake rufa wa kaina asiri. Tun kafin azumin bara hannuna na dama ke mutuwa da dare. Ina cikin barci sai zugi ya tashe ni, in ji yatsun sun yi minjirya sun yi nauyi. Sai na tashi zaune na yi ta yarfe hannun kafin ya saki. Da can dare ne kawai, yanzu har da rana. Ina cikin ɗinki allura za ta sulɓe ta faɗi ban ji fitarta ba, sai dai in ga zare yana reto. Ko waya na riƙe na ɗan jima ina magana sai hannun ya sage. Na hagun ma ya fara. Mai kemis ya haɗa mini magunguna, in na sha zugin ya kan lafa, amma mutuwar tana nan. Surukata ta ce sanyi ne na wankan jego da ban cika ba. Akwai wadda ta taɓa irin wannan?

Ummu Sadiƙ: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya 'yar uwa. Sanyi ne. Ki riƙa dafa citta da kanumfari da tafarnuwa kina sha, ki kuma daina taɓa ruwan randa da asuba.

Hajiya Mai Kitso: Sannu 'yata. Duk mai aikin hannu sai ya gamu da shi. Ni man zafi nake shafawa in naɗe da tsumma in kwanta.

Malam Tela: Allah ya sawwaƙe. Ki sa maigida ya nemo miki mai ƙaho a zuƙe mataccen jinin da ya taru a wurin. Ni da kafaɗata ta riƙe, ƙaho ne ya sake ta.

Anti Nas: Sannu Maman Ikram. Kafin kowa ya ƙara rubuta magani, amsa mini wannan. In hannun ya mutu, waɗanne yatsu ne suke mutuwa? Duk biyar ɗin, ko akwai wanda ba ya yi? In ba ki lura ba, yau da dare in ya tashe ki ki tsunguli kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙaramin.

Maman Ikram: Anti na riga na lura, don abin ya ba ni mamaki. Babban yatsa da ɗan ali da na tsakiya su ne suka fi yi. Na zobe yana ɗan taɓawa. Ƙaramin kuwa lafiyarsa lau, in na tsungule shi ina ji sarai.

Anti Nas: To kin ga. Da a ce sanyi ne ya shiga hannun, me zai sa ya tsallake ƙaramin yatsa? Likitan Gashi, kai da ke aikin gashin ƙashi, don Allah zo ka yi mata bayani, fanninka ne.

Likitan Gashi: Assalamu alaikum. Yaya Maman Ikram, sannu da jiki. Ba a yanke hukuncin ciwo ta waya, sai an riƙe hannun an duba. Amma yadda kika zayyana shi, ya yi daidai da matsewar jijiyar wuyan hannu, wadda a asibiti za ki ji ana ce mata kapal tonel.

Ga yadda abin yake. A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wani ɗan matsattsen lungu. Ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu su ne ƙasansa da gefunansa, wani kakkauran tantani mai tauri kuma ya rufe shi ta sama. Ta cikinsa igiyoyin tsoka 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiya guda ɗaya. Wannan jijiyar ce ke kai ji zuwa babban yatsa, ɗan ali, na tsakiya da rabin yatsan zobe, ita ce kuma ke motsa tudun naman nan da ke gindin babban yatsa. Ƙaramin yatsa tasa jijiyar daban ce, ta wata hanya take bi, shi ya sa ya tsira. Lungun ba ya buɗewa, ƙashi ne da tantani. Da zarar abin da ke ciki ya ɗan kumbura, jijiyar ce ke shan matsi, don ita ce mafi laushi.

Dalilin da ya sa ya fi tashi da dare, yawancinmu da hannu a lanƙwashe muke barci, wasu ma su cusa shi ƙarƙashin kai ko haɓa. Lanƙwasa wuyan hannu na ƙara matse lungun. Haka riƙe waya, haka riƙe hula ana soka allura na tsawon sa'o'i. Yarfe hannun da kike yi ki ji sauƙi shi ma alama ce da muke tambaya a asibiti.

Gwada wannan yanzu: haɗa bayan hannuwanki biyu a gaban ƙirji, yatsu suna kallon ƙasa, wuyan hannu a lanƙwashe, ki tsaya haka na minti 1. Wani likitan Amurka mai suna George Phalen ne ya yaɗa wannan gwajin tun shekarun 1950, har yau ana amfani da shi.

Maman Ikram: Innalillahi. Likita ko minti bai cika ba yatsun nan uku suka ɗauki minjirya, irin ta dare sak.

Malam Tela: Likita, da girmamawa, ina da magana. Iyayenmu da kakanninmu sun yi daka, sun yi surfe, sun yi sussuka, sun tuƙa tuwon gida guda da muciya. Ban taɓa jin an ce wata cikinsu jijiyarta ta matse ba. Yanzu kowane ciwo sai an ba shi sunan Turanci, daga nan sai a ce tiyata. Ƙaho kuma sunna ne, ba wanda zai ce ba magani ba ne.

Likitan Gashi: Malam, ban raina ƙaho ba, kuma ban ce kafaɗarka ba ta yi sauƙi ba. Ciwon tsoka daban, jijiyar da aka danne a cikin lungun ƙashi daban. Ƙaho a kan fata yake aiki, ba zai faɗaɗa wannan lungun ba. Abin da na fi tsoro shi ne tsaga a wuyan hannu ta ciki. Jijiyar nan da manyan hanyoyin jini suna kusa da fata ƙwarai a wurin. Aska ta ɗan zarce, an jawo wani ciwon da ya fi na farko.

Batun iyayenmu kuwa, sun yi shi, sunan ne ba su ba shi ba. Ka duba hannun wasu tsofaffin matan gidanku. Za ka ga wadda tudun gindin babban yatsanta ya lotsa ya zama rami, ba ta iya tsinke zogale, ba ta iya ɗaukar tsaba daga faifai, in ta riƙe kofi sai ya kuɓuce. Mu kan ce tsufa ne. Wasunsu wannan matsewar ce ta yi shekaru ba a kula ba har tsokar ta shanye.

Malam Tela: To amma ni na san wani maƙwabcinmu da aka yi wa aiki a hannu, har yau bai koma daidai ba.

Anti Nas: Malam, ban ga hannunsa ba, ba zan ce komai a kan nasa ba. Abin da nake gani a wurin aiki shi ne mutane ba sa zuwa sai jijiyar ta gama galabaita. An yi shafe-shafe, an yi turare, an yi ƙaho, an sha haɗin kemis, sai da hannu ya daina jin zafin tukunya sannan a zo. Aiki na cire matsin, amma jijiyar da ta lalace a hankali take farfaɗowa, kusan milimita 1 a rana take tohowa, tsokar da ta daɗe da shanyewa kuma ba lallai ta dawo duka ba. Sai a fita ana cewa tiyata ce ta kashe hannu. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Zuwa asibiti bai saɓa wa sunna ba.

Malam Tela: Wannan gaskiya ne Anti. Ni dai tsoron yanka nake ji wa baiwar Allah, da hannun take ci.

Likitan Gashi: Tsoronka na kan hanya, kuma ba da yanka ake farawa ba. Matakin farko takalmin hannu ne, wanda ake samu a manyan kemis da shagunan kayan asibiti. Mai ɗan ƙarfe a ciki, yana riƙe wuyan hannu a miƙe, yatsu a sake. Da dare ake sa shi, a ba shi kamar mako 4 zuwa 6 a gani. Kada a ɗaure tam, in an ɗaure yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin maɗaurin. Bandeji mai talewa da ake naɗewa ba ya wannan aikin, wani lokaci ƙara matsi yake. In takalmin bai wadatar ba akwai allurar rage kumburi da likita ke yi a cikin lungun. Tana kawo sauƙi sosai, amma ga mutane da yawa ciwon kan dawo bayan watanni. Tiyata ta wanda waɗannan ba su yi masa ba ce, ko wanda mutuwar ta zama dare da rana ba sakewa, ko tsokar gindin yatsa ta fara lotsawa. Wannan na ƙarshen bai kamata ya jira ba.

Yaya, a kuma nemi abin da ke hura wutar. A auna suga, a auna sinadarin maƙogwaro da ke jawo maƙoƙo, don raguwarsa na kawo wannan. Ƙiba, amosanin gaɓɓai da tsohuwar karaya a wuyan hannu duk suna ciki. Mata sun fi maza kamuwa, kusan ninki 3.

Gwaggon Yara: Bari in sa baki, don ni an yi mini. Ina sayar da ƙosai da fanke, buga ƙullu kullum, ga wanki ga matsa. Nawa ya kai ina ƙonewa da mai ban sani ba sai na ga bororo a yatsa. Da aka ce aiki na yi kuka, na ɗauka za a sa ni barci a farke hannun duka. Ashe allurar kashe wuri ce kawai a tafin hannu. Idona biyu, ina jin suna hira, aka gama aka naɗe na koma gida a ranar. Yankan ɗan ƙarami ne a gindin tafi, yanzu sai na nuna maka za ka gan shi, ya bi layin tafin hannu. Abin da ba zan manta ba, daren farko na yi barci har kiran assalatu ba abin da ya tashe ni. Amma kada in ɓoye miki, gindin tafin ya daɗe yana tsami in na dafa ƙasa zan tashi daga sujada, ƙarfin matse wanki ma bai dawo da wuri ba. Kan ɗan alina kuma har yau akwai ɗan dusashewar ji, likitan ya ce na daɗe ban zo ba.

Maman Ikram: Gwaggo Allah ya saka da alheri. To alwala fa, da hannu a naɗe?

Gwaggon Yara: Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce shari'a ta yarda a yi shafa a kan ɗauri in wankewa zai cutar. Haka na yi har aka cire zare.

Anti Nas: Zaren kamar kwana 10 zuwa 14 yake yi. Aikin kansa bai cika wuce minti 20 ba, tantanin nan da ya rufe lungun ake tsagawa jijiyar ta sami sarari. Tun ranar farko ake son a riƙa motsa yatsu don kada su ƙage.

Maman Ikram, wata magana da ba a yi ba: haɗin kemis ɗin nan. Me da me ke ciki? Sau da yawa akwai Diclofenac ko Ibuprofen, wani lokaci biyun a haɗe, a ƙara da Dexamethasone ko Prednisolone. Biyun farkon in aka daɗe ana sha suna cin ciki su jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Biyun ƙarshen suna tayar da suga da hawan jini, su kumbura fuska. Kuma duk ba sa buɗe lungun. Ranar da za ki asibiti ki tafi da ledar gaba ɗaya likita ya gani. In kin daɗe kina shan masu kumbura fuskar, kada ki yanke su rana ɗaya da kanki, a hankali ake janye su.

Amaryar Bana: Don Allah ni ma in tambaya. Cikina wata 7, kuma daidai abin da Yaya ta faɗa nake ji, hannu biyu. Zobena ma ya daina shiga. Ni ma aiki za a yi mini?

Anti Nas: A'a ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ruwan da jiki ke tarawa a ƙarshen ciki ne ke cika lungun. Yawanci ya kan tafi da kansa cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa. Takalmin dare ya ishe ki, kuma ki nisanci Diclofenac da Ibuprofen a wannan watan, suna iya cutar da jariri. Amma tunda kin ce zobe ya daina shiga, ki gaya musu a wurin awo su duba jininki da fitsari. In fuska ta kumbura, ko ciwon kai mai tsanani, ko kina ganin wuta-wuta a ido, kada ki jira ranar awo, ki tafi a take. Wannan alamar hawan jinin masu ciki ce, wanda ke kaiwa ga jijjiga.

Hajiya Mai Kitso: Likita ɗana, ni nawa daban ne. Ba mutuwa yake ba, maƙalewa yake. Yatsan zobe na dama. In na dunƙule hannu, sauran su miƙe shi ya tsaya a lanƙwashe. Sai na sa ɗaya hannun na ja shi, ya yi ƙas ya miƙe, zafin har cikin raina. Da safe ya fi yi. A gindinsa cikin tafi akwai ɗan ƙululu mai zafi in na danna. Wata ta ce mini hannun da nake sa wa kan mutane ne, wai an yi mini sammu.

Likitan Gashi: Hajiya, ranki ya daɗe, ba sammu ba ne, sanannen ciwo ne, kuma ba jijiyar ji ba ce ta matse. Igiyar tsokar da ke jan yatsan tana bi ta cikin wasu ƙananan zobba da ke riƙe ta jikin ƙashi. In zoben farko da ke gindin yatsa ya yi kauri, igiyar kuma ta yi ƙululu, sai ya zama kamar zare mai ƙulli da ake ja ta kafar allura: ya tsaya, a ja da ƙarfi, ya fizge ya wuce. Wannan fizgar ce ƙas ɗin da kike ji. Yatsan zobe da babban yatsa ya fi kamawa. Hajiya, kina da suga?

Hajiya Mai Kitso: Ina da shi, shekaru da dama. Metformin nake sha. Me ya haɗa suga da yatsa kuma?

Likitan Gashi: Alaƙarsu babba ce. Suga in ya daɗe yana sama yana sa tantani da igiyoyin tsoka su yi kauri su yi tauri. A cikin jama'a mutum 2 ko 3 cikin 100 ne ke gamuwa da maƙalewar yatsa a rayuwarsu, a masu suga kuwa ya kan kai kusan 1 cikin 10, kuma sau da yawa yatsa fiye da ɗaya. Akwai ma wata ƙagewar da ke kama hannun gaba ɗaya. Haɗa tafukanki biyu yatsa kan yatsa ki matse. In suka ƙi haɗuwa, aka bar sarari a tsakani, ita ce. Maganin naki: hutar da yatsan, jiƙa hannu a ruwan ɗumi da safe kina motsa shi a hankali, kuma ki daina fizgar sa da ƙarfi. Allura a gindin yatsan tana warkar da mutane da yawa. Sai dai ki gaya wa mai yin ta kina da suga, don takan tayar da shi na 'yan kwanaki, a riƙa aunawa. In ta ƙi, ɗan ƙaramin aiki ne a tsaga zoben.

Anti Nas: Hajiya ki ƙara da wannan: daɗewa kan Metformin na iya rage sinadarin B12, shi ma raguwarsa na kawo minjirya a hannu da ƙafa. Ba cewa na yi ki daina sha ba, ki nemi a auna.

Ɗan Adaidaita: Salam. Ni kuma akasin na Maman Ikram ne. Ƙaramin yatsa da na zobe su ke mutuwa, hannun hagu. Yanzu sun fara ɗan lanƙwashewa, tsakanin babban yatsa da ɗan ali ta baya ya faɗa. Jijjigar kan mashin ce?

Likitan Gashi: Wannan ɗaya jijiyar ce, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, inda in ka bugu za ka ji tsirr har ƙaramin yatsa. Tana matsewa a wurin in ana yawan jingina gwiwar hannu kan abu mai tauri, ko barci da hannu a naɗe. Jijjiga kuma gaskiya tana cutar da jijiyoyin hannu, masu injin niƙa da masu goge ƙarfe sun sani. Amma tunda har nama ya faɗa kuma yatsu sun fara lanƙwashewa, naka ya wuce na jira. Sannan zan yi maka tambaya, don Allah kada ranka ya ɓaci. Akwai wani tabo a jikinka da ya fi sauran fata haske, ba ƙaiƙayi, ba ya gumi, in an taɓa ba ka ji sosai?

Ɗan Adaidaita: Likita me kake nufi? Kuturta kake so ka ce ina da ita a gaban jama'a? Babu ita a danginmu kaf.

Admin: A yi haƙuri ɗan uwa. Tambaya ya yi, bai ce kana da ita ba. Kowa ya kiyaye harshensa, ba ma son a yi wa kowa dariya a nan.

Likitan Gashi: Ka gafarce ni in ta yi maka zafi, kana iya ba ni amsa ta akwatin sirri. Duk wanda ya zo mini da wannan jijiyar a ƙasar nan sai na yi masa wannan tambayar, domin kuturta ba ta ƙare ba a Najeriya da Nijar, kuma wannan jijiyar ta gwiwar hannu tana cikin waɗanda ta fi kamawa. Ba gado ba ce, ƙwayar cuta ce, kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu na kare kansa daga gare ta. Tana warkewa sarai da magani na wata 6 ko wata 12, kyauta ake ba da shi a duniya tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Dungulmin da muke gani ba cutar ce ke cinye yatsu ba. Jijiya ce ta mutu, mutum ya yi ta ƙonewa yana yankewa bai ji ba, miki ya ci wurin. Wanda aka gano da wuri ba ya kai wa nan. Mafi rinjaye naka matsewa ce kawai, amma dubawar ba ta da tsada. Akwai asibitin Yadakunya a Kano, akwai cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya.

Bamaradiya: Mu nan wajen Maradi akwai ta Danja, can ake kai masu irin wannan. Ɗan uwa ka tafi a duba ka, ba abin kunya ba ne.

Ɗan Adaidaita: Na ji. Ba ni da tabo ko ɗaya, na duba. Amma zan je a ga hannun.

Maman Ikram: Likita ni damuwata ɗaya. Kowa na cewa a huta da hannu. Ina da hulunan mutane da na karɓi kuɗin zare, Sallah na matsowa. In na ajiye allura me yara za su ci? Maigida abin da yake samu ba ya kai mu ƙarshen wata.

Ummu Sadiƙ: Wannan ita ce maganar. Masu cewa a huta ba su san gidan da ake jiran kuɗin hula a sayi garin tuwo ba.

Likitan Gashi: Na sani Yaya, shi ya sa ban ce ki daina ba. Canza yadda kike yi za ki yi. Kada ki zauna tun hantsi har la'asar a kan hula ɗaya. Duk bayan kamar minti 20 ko 30 ki ajiye, ki miƙe yatsu, ki buɗe ki rufe, ki sake kafaɗa. Ki ɗora filo a cinya ki ɗora aikin a kai, don wuyan hannu ya zauna a miƙe maimakon ya karye ƙasa. Ki sa ƙarfen yatsa wajen tura allura, kada ki riƙa damƙe ta da ƙarfi. Matsar wanki da daka da tuƙin tuwo, in akwai 'yan mata a gidan su karɓa, don waɗannan sun fi ɗinkin wahalar da wurin. Waya kuma ki sa ta a lasifika. Takalmin dare ba zai hana ki aikin rana ba.

Amma ki dubi tafukanki biyu yanzu a wurin haske, ki gwada tudun gindin babban yatsa na dama da na hagu. In na dama ya fi lotsawa, ko mutuwar ta daina sakinki ko da rana, to a makon nan za ki ga likitan ƙashi, ba bayan Sallah ba. In kina Kano akwai asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, Zariya kuma akwai Shika. Wani lokaci za su tura ki gwajin da ake auna gudun saƙo a cikin jijiya da 'yar wutar lantarki, shi ke nuna ko matsin ya yi nisa.

Anti Nas: Ga duk mai karantawa, kada a haɗa wannan da mutuwar hannu ta farat ɗaya. In hannu ya saki nan take, musamman tare da ƙafar ɓangaren, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, daga ƙwaƙwalwa take. Ba a jiran safiya, ba a tsayawa shafa mai. Haka in zugin daga wuya yake saukowa ta kafaɗa har yatsu, a wuyan za a nemi matsalar.

Baban Yara: Don Allah Anti ku taimaka, tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Ɗana ɗan shekara 8 ya faɗo daga bishiyar mangwaro jiya da yamma, ya karye a saman gwiwar hannu. Mun kai shi wurin mai ɗori ya ɗaure da karare. Tun dare yake ihu, mun ba shi Paracetamol bai yi ba. Yanzu yatsun sun kumbura sun yi sanyi, in na ɗan miƙar da su sai ya ƙwala ƙara. Ya ce ba ya jin babban yatsan sosai. Mun kira mai ɗorin ya ce haka ɗori yake, kada a kwance sai ya kwana bakwai.

Anti Nas: Baban Yara, ajiye komai ka saurare ni. Ku kwance ɗaurin nan yanzu, duk wani zare da tsumma da ya zagaye hannun. Ku tallafe hannun a kan filo ko kwali don kada karayar ta motsa, ku tafi asibitin da ke da likitan ƙashi, sashen gaggawa. Ihun da yake yi in an miƙar da yatsu alama ce jini ba ya isa tsokar hannun. Sa'o'i kaɗan tsoka da jijiya ke iya jurewa, bayan haka hannun ya ƙandare yatsu su dunƙule har abada, wani lokaci sai an yanke.

Likitan Gashi: Abin da Anti ta faɗa shi ne. Karayar saman gwiwar hannu a yara tana iya danne babbar hanyar jini da jijiyar da muke magana a kanta tun farko. Kada ku tsaya neman izinin mai ɗori ko jiran dattawan gida su taru.

Baban Yara: Mun kwance. Wurin duk ya yi bororo. Ƙanena ya tafi nemo mota.

Anti Nas: Madalla. Kada ku fasa bororon, kada ku shafa komai. Hannun ya zauna daidai ƙirjinsa, kada a ɗaga shi sama, kada a bar shi yana reto. Kada ku ba shi abinci ko ruwa daga yanzu, don wataƙila a shiga da shi tiyata. Kuna isa ka gaya musu ƙarfe nawa ya faɗo, ƙarfe nawa aka ɗaure, da lokacin da ya fara cewa ba ya jin yatsan.